Gudan Jini a Ƙirjin Baba

Shafi na 17

Masu turo saƙo suna cewa na kwantar da tsoho a asibiti na tafi sha'anina, na ji ku. Ku matso, yau a ƙofar ɗakinsa za mu wuni.

Auta tana zaune a bencin ƙarfen da ke gaban sashen masu cutar numfashi, tana kallon takalman mutane suna wucewa, sai nas ta turo ƙofa da kafaɗa.

"'Ya'yan tsohon nan mai gyaran famfo, likita na son ganinku. Yanzu."

Tun da aka kwantar da Baba, sai yamma ake ba su labari, shi ma ta bakin nas: ya ɗan ci, ya ɗan yi barci, an ƙara masa iska. Ba a taɓa neman su da hantsi ba.

Ta taɓa gwiwar yayanta, wanda ya jingina kai da bango ya rufe ido. Shi ne babba. Shi ya goyo Baba zuwa mota ranar da numfashi ya gagare shi, kuma tun daga ranar bai leƙa wurin aikinsa ba.

"Yaya, tashi. Ana kiran mu."

Ofishin ɗan ƙarami ne, tebur ɗaya, kujera biyu, kwalin safar hannu a kan taga. Likitar mace ce siririya, takunkumi ya yi mata shaida a karan hanci. Ba ta zauna ba, ba ta kuma ce su zauna ba.

"Zan yi muku bayani a gurguje. In akwai inda ba ku gane ba, ku tsayar da ni. Kun san cutar nan da ke yawo a gari ta kama huhun babanku."

"Mun sani," in ji Yaya.

"To ba huhu kaɗai take taɓawa ba. A jikin wasu, in ta yi tsanani, takan sa jini ya riƙa dunƙulewa a cikin jijiya, ya yi guda, kamar yadda yake daskarewa a bakin ciwo. Sai dai nan babu ciwo, a ciki yake yi. Shi ya sa tun zuwansa muke yi masa ƙaramar allura a fatar ciki don jinin ya tsinke. Ba ta isa ba. Jiya kun ga ƙafarsa ta hagu?"

Auta ta gani, ta cikin gilashin ƙofa. Daga gwiwa zuwa ƙasa ta kumbura tana sheƙi, ta kusa biyun 'yar'uwarta. Ita ta ɗauka yawan kwanciya ne.

"Guda ne a jijiyar ƙafar. Da safen nan wani ɓangarensa ya ɓalle, ya bi jini ya hau, ya je ya tsaya a hanyar da ke kai jini huhu. Zuciya tana turawa, hanya a toshe."

Auta ta ce a ranta, da Baba ake yi wa wannan bayani da tuni ya gane, har ya gyara wa likita magana. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana buɗe wa mutane bututu.

"Me za a yi?" Yaya ya tambaya.

"Akwai magani mai ƙarfi da ke narkar da gudan. Amma ba ya zaɓe. Duk inda jini ya daskare a jiki narkar da shi yake yi, har wanda ya daskare don ya toshe wani rauni. In akwai ciwo a ɓoye, zai ɓalle da zubar jini, kuma ba lallai mu iya tsayar da shi ba. Don haka zan yi muku tambayoyi. Ku ba ni amsar da kuka tabbatar."

"Bismillah."

"An taɓa yi masa tiyata kwanan nan?"

"A'a."

"Gyambon ciki? Aman jini, ko baƙin bayan gida?"

"A'a."

"Shanyewar ɓarin jiki?"

"Allah ya tsare. A'a."

"Ya faɗi a 'yan makonnin nan? Ya buga kai?"

"A'a," Yaya ya ce, ko numfashi bai ja ba. "A gidana yake zaune, likita. Tun da muka raba shi da aiki, iyakarsa shagon abokinsa mai sayar da kayan famfo, su sha hira ya dawo. Ko tuntuɓe ya yi da na sani."

Likita ta dubi Auta.

"Ni ma ban sani ba," Auta ta ce.

"Shi ma haka ya ce ranar da aka kawo shi. To shi ke nan." Ta juya wajen nas. "A haɗo maganin, a duba..."

"Ya faɗi."

Daga bakin ƙofa muryar ta fito. Duk suka waiwaya.

Mama ce, mahaifiyarsu. Tana tsaye da jaka a hammata, takunkuminta ya karkace, tana haki kamar wadda ta hau benen da gudu. Ta rabu da Baba tun Auta ba ta shiga makaranta ba. Can ƙarshen gari take zaune ita kaɗai tana ɗinkin labule. Auta takan je wurinta a ɓoye. Yaya kuwa bai san launin ƙofar gidan ba. Da safen nan Auta ta fake da zuwa sayen ruwa ta kira ta, ta ce jikin Baba ya ƙi daɗi, ba ta zaci za ta zo ba.

Yaya ya dubi bango. "Ina kwana."

"Lafiya lau, Babba."

"Auta, wa ya kira ta?"

"Ni ce, Yaya."

"Za mu yi magana."

Likita ta ɗaga hannu. "Ku yi ta daga baya. Mama, shigo. Ke mece ce a wurinsa?"

"Ni na haifi waɗannan."

"Kika ce ya faɗi. Yaushe?"

"Sati biyu ke nan da ɗoriya. Kafin zazzaɓin ya fara."

"A ina?"

Mama ta gyara riƙon jakarta. "A gidana. Daga kan tsani. Ya hau duba tankin ruwa."

Auta ta ji Yaya ya ja numfashi ta hanci, irin wanda yake yi in an ƙure shi.

"Ina ya buga?"

"Ƙeya. A gefen dakalin siminti."

"Ya suma?"

"Ya yi shiru na ɗan lokaci, ido a buɗe, ina kira ba ya amsawa. Can ya tashi zaune yana tambayar ina sifanarsa."

"Ya yi amai?"

"Sau ɗaya. Na ce mu je asibiti, ya ce kan da ya sha bugun bututun ƙarfe ba dakali ne zai fasa shi ba. Na sa masa ƙanƙara a tsumma. Ya jawo hula ya rufe, ya ce kar in gaya wa kowa."

Hular. Auta ta tuna. Kafin ya kwanta ciwo Baba ya koma kwana da hula, har matar Yaya tana tsokanarsa ko sanƙo yake ɓoyewa. Yana ta ƙorafin ciwon kai, kowa ya ce zazzaɓi ne ke tafe.

Likita ba ta ƙara tambaya ba.

"A dakata da maganin. A kira ɗakin hoto a ce muna tafe, hoton kai, ba jira."

Nas ta fita da sauri. Likita ta bi bayanta, sai da ta kai ƙofa ta ɗan tsaya.

"Mama, gara da kika zo."

Suka koma benci. Ba a jima ba aka buɗe ƙofa biyu, aka turo gadon Baba, tukunyar iska a tsakanin ƙafafunsa. An ce su ja baya, suka manne da bango. Auta ta ga fuskarsa a ƙarƙashin robar iska, leɓɓansa sun yi duhu. Rigar asibiti ta yaye, fatar cikinsa duk shaidar allura, kowace ta yi kewayen baƙi. Ba hula. Da aka karya kwana da gadon ta hango ƙeyarsa, ga tudu nan a cikin furfura.

Idonsa a rufe yake. Bai ga kowa ba.

Mama ta zauna a wancan ƙarshen benci, Yaya a wannan, Auta a tsakiya. Mai goge ƙasa ta zo ta goge gabansu, suka ɗaga ƙafa, ta wuce. Sannan Yaya ya yi magana, yana kallon gabansa.

"Me ya kai shi gidanki?"

"Tanki."

"Masu gyaran famfo sun ƙare a garin nan?"

"Ni ban kira shi ba, Babba. Bara na shiga wani shago sayen kan famfo, ashe na abokinsa ne. Yaron shagon yana neman ya sayar min da na banza, sai na ji murya a bayana ta ce, ajiye wannan, ɗauki wancan. Na waiwaya, babanku ne a kan kujera. Ya ce wa zai ɗaura miki? Na ce zan nema. Ya ce kar ki ba yaran yanzu, ɓata miki bango za su yi."

"Kan famfo ɗaya. Tun bara."

"Ya gama famfo ya ce bututun wanka yana yoyo. Ya gama wannan ya ce tankin bai zauna daidai ba. Tankin nan ban san sau nawa ya gyara shi ba. Ni dai har yau ban ga abin da ya same shi ba, ruwa na zuwa lafiya lau."

Dariya ta taso wa Auta a cikin takunkumi, ta toshe baki. Kafin ta ankara dariyar ta koma hawaye. Mama ta miƙo mata gefen mayafi ba tare da ta dube ta ba.

Yaya bai yi dariya ba.

"Wato kullum in ya ce mana ya tafi shago..."

"Yakan biya shagon. Ba ƙarya yake yi ba gaba ɗaya."

"Tsoho da shi, a kan tsani. Mu muka raba shi da tsani saboda jiri. Ke kika mayar da shi."

"Na hana shi. Ka san babanka. In ka ce kar ya hau, ka ba shi dalilin hawa ke nan."

"Cutar fa? A gidana babu mai tari."

"Na yi tari, na yi zazzaɓi, na warke. Ko ni na sa masa, ko shi ya kawo min daga shagon nan da kowa ke shiga. Ban sani ba, kai ma ba ka sani ba."

Yaya ya juyo, karon farko ya dube ta ido da ido. Idanunsa sun kaɗa.

"Kin tafi kin bar mu. Ni nake yi wa yarinyar nan wanka, ni nake ɗaure mata takalmi. Shi ya dawo daga aiki hannu duk tsatsa ya ɗora mana tukunya. Yanzu da ya tsufa, muka samu ya huta, sai ki dawo ki kai mana shi bakin kabari?"

"Yaya, don Allah," in ji Auta.

"Ke yi min shiru. Ke ma kin iya ɓoye-ɓoye."

Mama ba ta ɗaga murya ba.

"Ba tafiya na yi ba, Babba. Saki na aka yi. Amma wannan magana ba a bencin asibiti za a yi ta ba, kuma ba ni kaɗai zan yi ta ba. In ya tashi, ka tambaye shi a gabana."

"In ya tashi."

"In Allah ya tashe shi."

Wani mutum ya wuce da kwandon kwanuka yana neman sashen yara, Auta ta nuna masa hanya.

"Mama," ta ce a hankali, "tunda kin san yana nan, me ya hana ki zuwa tun farko?"

"Shi ya hana ni. Kullum yana kira na daga kan gadon nan, ya faɗi kalma ɗaya ya huta, ya faɗi ɗaya ya huta. Na ce ka gaya wa likitoci ka faɗi? Ya ce in na faɗa za su ce a ina, yara su ji. Na ce to zan zo in faɗa. Ya ce kar ki zo, in Babba ya gan ki hankalinsa zai tashi, bari in warke in gaya musu da bakina. Shekaranjiya wayar ta daina shigowa."

"Ya gaya mana me?" Yaya ya tambaya.

Mama ta buɗe jakarta, ta duba ciki, ta rufe.

"Ya gaya mana me?"

Ƙofa biyun ta buɗe. Aka wuce da gadon Baba ciki, nas ta yafuto su.

Wannan karon likita ta ce su zauna. Mama ta zauna, Auta ta zauna, Yaya ya tsaya a bayansu. Likita ta juyo musu da allon kwamfuta. Hoto ne baƙi da fari, kewaye kamar an yanka ƙwai. Ta sa bakin biro a gefe ɗaya, inda wani siririn layi ya bi jikin ƙashi.

"Wannan jini ne, tsakanin ƙashin kai da ƙwaƙwalwa. Ba shi da yawa. Tun faɗuwar yake tsattsafowa, kuma allurar da muke yi masa a ciki ta ɗan ƙara shi, domin ba mu san da shi ba. Mun tsayar da ita. Babban maganin kuwa ba zancensa. Da mun ba shi ɗazu, da yanzu wata magana muke yi."

Auta ta ɗauke ido daga allon ta dubi likita.

"Wato likita, a ƙirji jinin ya ƙi tafiya, a ka kuma ya ƙi tsayawa."

"Haka ne. Abin da zai gyara ɗaya shi zai ɓata ɗaya."

"To sai yaya?" in ji Yaya.

"Hanya biyu ce. Ta farko, mu bar shi a nan, mu riƙe shi da iska da maganin da ke taimakon zuciya, mu jira ko jikinsa zai narkar da gudan da kansa. Wasu suna haurawa. Amma ƙafar tana nan da sauran guda, in wani ya sake ɓallewa ba mu da abin tare shi. Ta biyu, a ɗauke shi zuwa babban asibitin ƙetaren gada. Suna da na'urar da ake zura siririn bututu ta jijiyar cinya har ƙirji a zuƙo gudan. Na yi magana da su, suna da gado, motarmu tana ƙasa."

"To ai sai a tafi," in ji Auta.

"Ki bari in ƙarasa. Hanya ce mai nisa, ga cunkoso, da mutumin da zuciyarsa ke aiki da ƙyar. Zan bi shi da kaina. Amma zai iya cikawa a cikin motar, kuma in haka ta faru babu abin da zan iya a kan titi."

"Ke me kika gani?" Auta ta tambaya.

"In nawa ne, ɗaukar sa zan yi. Amma ba zan ce muku tabbas ba. Babu tabbas a ko ɗaya."

Yaya ya girgiza kai.

"A bar shi a nan. Ba za a jijjiga min uba a titi ba, ya mutu a tsakanin motoci ana yi masa hon. Nan aka san shi, nan ake kula da shi. Ni ne babba, na ce a bar shi."

Likita ta ajiye biron.

"Na ji ka. Amma ba kai zan fara tambaya ba."

"Ban gane ba."

"Da muka fito daga ɗakin hoto ya farfaɗo. Na tambaye shi sunansa, ya faɗa. Na tambaye shi inda yake, ya faɗa. Na gaya masa abin da na gaya muku. Ya ce kansa ya yi nauyi, ba zai iya zaɓa ba. Na ce to wa zai yanke maka shawara? Ya ɗaga robar iska da hannunsa, a gaban nas, ya ce a tambayi matarsa."

"Ruɗewa ce," in ji Yaya. "Babanmu ba shi da mata. Tun da..."

Mama ta miƙe tsaye. Ta gyara takunkuminta da ya karkace tun shigowarta.

"Yana da ita. Ni ce."

Auta ta ɗaga kai ta dubi uwarta, bakinta a buɗe.

"Kafin ya faɗi aka mayar da auren," Mama ta ce. "Abokinsa mai shago yana wurin, ƙanena yana wurin. Abin da yake so ya gaya muku ke nan."

Yaya ya dafa bayan kujera. "Auta, kin sani?"

"Wallahi Yaya ban..."

"Ƙyale ta, ba ta sani ba. In kana neman wanda ya sani a gidanka, tambayi matarka. Ita ta goge masa kayan da ya sa ranar."

Likita ta dubi agogon hannunta.

"Ba mu da lokacin wannan. Mama, a ɗauke shi ko a bar shi?"

"A ɗauke shi."

Nas ta kama hannun ƙofa za ta fita. Yaya ya riga ta. Ya tsaya a bakin ƙofar, ya dafe katakon da hannu biyu, ƙirjinsa na hawa yana sauka.

"Babu inda za a kai shi."